Mayafi a Kan Muryar Habboba

Kowa ya ce kahraba, wato wutar lantarki, ita ce za ta kashe na'urar da na haɗa a gida. Yayana ya faɗa, malamin da ya koya mana kwamfuta a sakandare ya faɗa, har maƙwabcinmu mai gyaran waya ya ce ba a ajiye saba, kwamfutar da ke raba wa wayoyi bayanai, a gida a nan Gadarif ta Sudan, in zuba komai a intanet in huta. Duk sun yi kuskure. Ɗaukewar wuta ba ta taɓa yi mata komai ba. Tsohuwar laftof ce mai batir, kuma na rubuta mata ɗan sikirif, 'yan layukan umarni kawai: in batir ya yi ƙasa, ta rufe kanta a hankali. Abin da ya kusa kashe ta mayafi ne.

Muryar Habboba ce a cikinta, kakata ta wajen uwa. Iyayenta sun taso daga yamma da ƙafa za su hajji, suka tsaya nan suka kama noman dawa. Na daɗe ina ɗaukar labarin hanyar nan daga bakinta, gari bayan gari. Yanzu ta fara rikita sunayen garuruwan, wani ma ta ce ba ta taɓa jin sa ba. Abin da ke cikin na'urar shi ne ya rage. Shabaka kuwa, intanet ɗin ke nan, tana ɗaukewa lokacin da ta ga dama, ni kuma ba zan jira izinin kowa ba kafin in ji muryar kakata. Shi ya sa na ajiye ta a gida, duk wayar da ta shigo tsakar gidanmu ana iya saurara da ita.

Inna ba ta barin kaya tsirara. Talabijin na da mayafinsa, keken ɗinki na da nasa, har firji. Da ta ga laftof a buɗe kan tebur, sai ta saƙa mata nata, mai kauri, da furanni. Na'ura ta yi zafi ta ɗauke. Na cire mayafin, ta mayar. Na sake cirewa, ta sake mayarwa.

"Inna, numfashi take yi ta ƙasan nan. Kina toshe mata hanci."

"Ƙarfe ne da hanci? Baƙi su shigo su ce ba mace a gidan nan?"

Ba ni da haƙurin gardama. Na buɗe baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni na rubuta wani sikirif: lokaci-lokaci ya duba zafin na'urar, in ya wuce iyaka ya kunna sauti. Sannan na kai wa Habboba waya a kan angarib ɗinta, gadonta na igiya, don in ɗauki muryarta.

"Habboba, ki yi kamar an lulluɓe ki da bargo da tsakar rana."

"Ke 'yar nema, me zan samu?"

"Jabana, gahawar nan taki mai citta."

Ta gyara zama ta yi, har da ƙari.

Washegari da la'asar matan unguwa suna shan jabana a ɗaki, mayafi na kan laftof kamar kullum. Sai murya ta tashi daga ƙarƙashin furanni: "Wa ya rufe ni? Ku yaye min wannan abu, gasa ni za ku yi?" Inna ta ji muryar uwarta, ta zabura ta fizge mayafin tana cewa, "Yi haƙuri, Yumma!" Habboba kuwa tana tsakar gida tana dariya har da tari. Daga ranar mayafin ya koma kan rediyo.

Amma zafin nan ya bar tabo. Fankar cikin na'urar tana ƙara yanzu kamar tsohuwar tarakta, kuma kwafi ɗaya a ɗaki ɗaya ba ajiya ba ce. Na riga na rubuta sikirif mai kwafe komai zuwa wani faifai. Da an gama yankan riɗi hanya ta bushe, zan hau mota in kai shi gidan kawuna a Ƙala'at an-Nahal, in haɗa masa tasa sabar. Matarsa ma gwanar saƙa ce, don haka da ihun Habboba zan tafi.