Shinkafar da ta kama a waƙa ta takwas

Jikokina na Facebook, ku cinka: wa aka binne a Kano, amma har yau yana yi mini faɗa a Guangzhou?

Jiya ina zaɓen dogayen riguna a kasuwar Baima, mai shagon ya tsura mini ido. Ashe tsohon maƙwabcinmu ne lokacin da muke zaune a titin Liuhua Lu, mai buga ganga a ƙungiyar 'yan kiɗan rok da suka hana mu sakat da jita.

Ya kunna mini waƙa ta takwas a faifansu, wadda ya ce ba mai sauraronta. A ɗakinsu suka naɗe ta, bangon kuwa ba kauri. Da jita ta lafa, sai na ji murya.

Ta wayar fassara ya ce, "Mama, addu'ar mijinki ce ta ratso bango. Mun bar ta don ta sa mu kuka. Me yake roƙo?"

Na ce, "Cewa yake, Hajiya, shinkafar nan ta kama."

Na so in yi dariya, hawaye suka riga ni. Wayar da na adana muryarsa ta lalace bayan rasuwarsa, har na fara manta yadda yake jan sunana.

Na tambaya ko sun naɗi wani abu kuma. "Meiyou," in ji shi. Babu. Ya tura mini wannan ɗin.

Yanzu tsohuwa da carbinta tana jure hayaniyar minti huɗu saboda kalma biyar. Ku da kuka rasa naku, me ya rage muku na muryarsu?

Amsa: Alhajina ne. Yana waƙa ta takwas, dab da ƙarshe.