Tamanin da Ɗayan Malam Tsaf

Shekara talatin da huɗu Malam Tsaf ya yi yana koyar da Sifaniyanci, yaren ƙasarsu, da rula a hannu. Aƙidarsa ɗaya ce: harafi amana ne, wanda ya haɗiye shi ɓarawo ne. Yara sun sha rula a yatsu, matarsa kuwa ta sha gyara a kan tebur, har miyarta kan huce kafin ta kai ƙarshen zance.

Bayan ya yi ritaya, wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu ake kira Dakta, ta gayyace shi ɗakin naɗar murya. Ita da abokan aikinta suna koya wa kwamfuta ta saurari mutane, ta auna yadda suke sassauta baƙaƙe irin su b da d da g, waɗanda leɓe da harshe kan yi wa gaisuwar nesa. Malam ya ɗauka ma'auni ake nema, kuma shi ne. Ya sa a goge rigarsa, ya kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi, ya taho da matarsa ta ga yadda ake karrama mutum.

Ya karanta jerin kalmomin kamar mai jera ƙwai a tire. Dakta ta gode, ta ture takardar gefe.

"Malam, wai me ya faru ranar da aka ba mataimakinka shugabancin makaranta?"

Haka aikinsu yake: karatun takarda ado ne, sai an sosa wa mutum inda yake masa ƙaiƙayi yake mancewa da makirfo. Malam ya mance. Minti arba'in yana kumfa da Sifaniyanci, yana dukan tebur, kalmomi na zubowa kamar hatsi daga ɓarkakken buhu.

Kwamfutar ba ta san rula ba, balle ta ji tsoronta. Ta zana layukanta, ta ba da lamba: cikin kowane baƙi ɗari, ya sassauta tamanin da ɗaya.

"Direban bas da muka naɗi muryarsa jiya saba'in ya samu," in ji Dakta. "Ba aibu ba ne, Malam, haka kowa yake magana."

"Kowa? Ni kike kira kowa? Injin naku ne kurma!"

"Sai mu sake kunna maka ka ji."

Bai yarda an kunna ba. Ya ce a goge muryar, kuma takardar da ya sa wa hannu ta ba shi wannan dama. Dakta ta goge a gabansa, har da ɗan rusunawa. Ya fito yana gyara wuyan riga, ya tabbata ya binne maganar.

A bakin titi matarsa ta ce su tsaya ta sayi sabulu. Ya ɗaga yatsa zai gyara mata furuci.

"Tamanin da ɗaya," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ci gaba da zancenta har gida, ta ƙarasa shi kuwa.