Kujerar Inna a Motar Labbo

Duk wanda ya san Labbo Maishinkafa a Bakura ya san ba ya sayen abu sai abin ya gaji da shi. Kankana ma sai ya ƙwanƙwasa ta, ya kara a kunne, ya ajiye, ya zaga kasuwa ya dawo ya sake ƙwanƙwasawa, ko ta canza magana. Akwai wata hula da ya yi ta tayawa a kasuwar Talatar Mafara har mai rumfar ya rasu, ɗansa ya gaji rumfar, ya gaji cinikin. Saboda haka ran da aka ji Labbo na neman mota, ba wanda ya tashi zaune. Masu shayi suka ce a bari sai jikokinsa sun girma, su za su karɓi makulli.

A Birnin Tudu aka haife shi, kuma shi ne ɗan fari. Wannan ita ce babbar ƙaddarar rayuwarsa. Mahaifiyarsa, Inna Taibatu, ta riƙi kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ba ragi ba sassauci. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. Sunansa a bakinta "wancan". Ga shi yau da furfura a gemu, ya dawo da ita gidansa na Bakura, amma har yanzu in ya tsuguna a ƙofar ɗakinta da safe yana jero gaisuwa, bango take amsa wa. In maganar ta fi ƙarfin bango, sai ta bi ta wurin matarsa Hanifa, ko da kuwa shi ya fi kusa. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. In ta sami man shanu mai kyau, rabin farko na wancan ne.

Da ƙuruciya ya yi yaron mota tsakanin Mafara da Sakkwato, inda ya koyi tuƙi da shan ranƙwashi a lokaci guda. Da ranƙwashin ya fi tuƙin yawa sai ya sauka, ya kama noman rani a fadamar Bakolori. Shinkafa ta karɓe shi. Bai yi arziki na a buga ganga ba, amma buhu ba ya yankewa a zaurensa, kuma yana da kekensa da ya ce bai gama gwada shi ba tukuna.

To, sai gwiwoyin Inna suka fara, hawan jini ya biyo baya kamar an gayyace shi. Likita a Mafara ya ce a riƙa kawo ta duk wata. Da farko ba matsala, ƙanensa Ishaq ke goya ta a babur. Shi auta ne, ba kunya tsakaninsu. Kafin su kai Mafara ta kira sunansa har ya ƙoshi. Sai Ishaq ya tattara ya tafi Legas neman kuɗi. Aka gwada motar haya sau ɗaya. Aka matse ta tsakanin wata mai jego da buhun barkono, aka ɗora mata zakaran wani a cinya. Ta dawo gwiwa ta ƙi miƙewa, ido na hawayen yaji, ta gaya wa bango cewa in an sake kai ta tasha, to gawarta aka kai. Wata ya wuce ba ta ga likita ba. Wani watan ya kama hanyar wucewa. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga.

Abin da ya kai Labbo wurin Buba dillali ke nan.

Buba na da fili a bakin titi a Mafara, motoci jere a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kowacce a cewarsa wata tsohuwa ce ta riƙa zuwa asibiti da ita a ƙasar Turawa. Wadda ya nuna wa Labbo ruwan toka ce, irin waɗannan da ba su kai jif ba, sun kuma wuce ƙaramar mota. Alfadarin motoci, in ka so. Tana da tsayi daga ƙasa, kujera biyar, da ƙofa a baya mai ɗagawa sama.

"Alhaji, wagga ai ba tuƙa ta akai ba, lallashi take so," in ji Buba. Labbo bai taɓa zuwa Makka ba, amma a bakin dillali duk wanda ya taɓa jikin mota ya sauke farali.

Labbo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya kara kunne. Ya tafi.

Ya dawo Talatar da ta biyo da Malami bakanike, abokinsa tun suna yaran mota, mutumin da bai taɓa yabon wani abu mai inji ba. Malami ya buɗe bonet, ya leƙa, ya yi tsaki tun kafin ya ga komai.

"Kai Labbo, tsaya ka ji. Ɗaya, tana shan mai kamar raƙumi ya ga rijiya. Biyu, kwamfuta gare ta, in ta yi hushi ni ban jin yarenta, sai Gusau."

"Wa ya ce ta cika hushi?" in ji Buba.

"Kai yi shiru, kai da uwarka ma za ka ce sabuwa ce in an taya. Sannan shokozoba. Hanyar Janbako za ta cinye shi kamar ƙuli."

"Hanyar Janbako dai?" Buba ya daki tayar da ƙafa. "Dubi tsawonta! Ramin da ƙaramar mota za ta kwana ciki, wagga ko gaishe shi ba ta yi."

Malami ya ja Labbo gefe, ya rage murya. "Bar batun shan mai. Ka aje wagga ƙohwar gida, ka zama motar unguwa. Mai naƙuda kai, amarya kai, wanda kunama ta harba kai. Kuma ka san zamanin da muke ciki. Abu mai kama da jif, akwai masu kallo daga daji."

Labbo ya shafa gemu. Can ya ce, "Sai in bar wanke ta."

Haka aka yi ta yi. Ya tambayi liman, ya tambayi mai sayar da fetur a galan, ya tambayi wani malamin makaranta da ya taɓa shiga irinta a Kaduna. Ya auna faɗin lungun gidansu da igiyar guga, ya je ya auna motar. Ya shiga ya fita, ya kunna esi ya kashe don kada ya saba. Buba ya rame. Mutanen Bakura sun riga sun sa motar a layin hula, sai rannan Labbo ya ba kowa mamaki. Da safe ya ga Hanifa na yanka bakin silifas da reza don ƙafar Inna ta shiga. Nan take ya hau kekensa. Kafin azahar sai ga motar a ƙofar gida, shi a sitiyari, Buba da Malami a baya suna musu.

"Sharaɗi guda," ya ce wa Buba. "In Inna ta shiga, na saya. In ba ta shiga ba, ka tahi da abinka."

Buba ya yi dariya. Bai san Inna ba.

Hanifa ta fito da ita a hankali, hannu ɗaya a kafaɗarta, ɗaya a sanda. Unguwa ta riga ta taru, don a Bakura mota ba ta tsayawa ita kaɗai. Buba ya ruga ya buɗe ƙofar gaba, ya share kujerar da hularsa.

"Bismillah, Inna. Gidan gaba, wurin manya."

Inna ta dubi kujerar, ta dubi wadda ke gefenta. Ta juya ga Hanifa. "Wa ka tuƙi?"

"Shi, Inna."

"Kahwaɗa da kahwaɗa? Ashe ban mutu ba na lalace."

Aka rufe gaba, aka buɗe baya. Da ƙyar aka lanƙwasa gwiwar, tana salati, aka zaunar da ita. Labbo ya shiga ya tayar da inji. Sai tsohuwar ɗabi'ar yaron mota ta motsa: ya ɗaga ido ya duba madubi. A daidai lokacin ita ma ta ɗaga nata. Ido cikin ido, abin da bai faru ba tun yana shan nono.

"Hanifa! Hidda ni! Motag ga idanu gare ta!"

Aka fitar da ita. Buba ya ce a cire madubin. Malami ya ce sai dai a cire shi tare da lasin tuƙi. Buba ya ce a rataya zane a tsakani. Inna ta ce ita ba amarya ba ce. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce a ɗauki direba mana, Labbo ya bi su a keke. Hanifa ta ce wa zai yi magana da likita, keken? Bayan haka ma, ko da madubi ko babu, gwiwar ba za ta jure lanƙwasa har Mafara ba. Labbo ya kashe mota ya fito, ya miƙa wa Buba makulli. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai dai hannunsa ya ɗan jima bai saki ba.

Dillali kuwa ba ya mutuwa da sauƙi. Buba ya zaga baya ya ɗaga ƙofar but, ya kwantar da kujeru biyu, fili ya buɗe. "To Alhaji, ko don shinkahwa! Dubi nan. Buhu nawa za ka zuba?"

Labbo bai ko waiwaya ba. Wadda ta duba Inna ce. Tsayuwa ta gajiyar da ita, rana ta yi zafi, ga ƙofa a ɗage ta yi inuwa kamar rumfa. Ta dogara sanda ta zauna a bakin but ɗin don ta huta. Tsayinsa daidai da gadonta. Ta ɗan matsa ciki. Ta ja ƙafa ɗaya ta miƙe, ta ja ɗayar. Ta jingina da abin da ta samu, fuskarta na kallon lungu, ƙeyarta na kallon sitiyari.

"Hanifa, ɗauko min tabarma da matashi."

Labbo ya matso, ya tsuguna yadda ya saba, ya yi magana da Hanifa. "Ce mata nan wurin kaya ne."

"Ce mishi kayan sun gode."

"Ce mata mutane za su ce na sayi mota na sa uwata inda aka sa awaki."

"Ce mishi mutane ba su da gwiwata."

Labbo ya ɗaga kai ya dubi mutanen. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san kafin magariba labarin ya kai Maradun, ya dawo da ƙari. Mutumin da ke shekara yana shawarar hula, yanzu an ba shi zaɓi tsakanin bakin duniya da ƙafar da ba ta shiga takalmi, ba kuma Talata mai zuwa. Ya dubi ƙafar. Ya miƙe, ya fizge makullin daga hannun Buba.

Sun yi tafiyar Mafara a hankali, har masu tura kura suna neman wuce su. Hanifa na kan kujerar da ta rage tana riƙe da buta. Inna na kallon duk wanda aka wuce fuska da fuska ta gilashin baya, tana ɗaga hannu, tana tambayar gida da gajiya da ruwa, ko an ji ko ba a ji ba. Labbo ya duba madubi yadda ya ga dama. Ƙullin ɗankwali kawai yake gani, ba wanda ya yi ihu. Da suka faɗa wani rami sai murya ta zo daga baya.

"Hanifa, ce ma mai tuƙi ba gudu muke ma kowa ba."

Aka ga likita, aka karɓi magani. Washegari Labbo ya biya Buba ba tare da ya taya ko sau ɗaya ba, abin da ya sa Buba ya kwana biyu yana zargin ya yi araha.

Maganar kuwa an yi ta, har yau ana yi. Akwai masu ce masa Labbo Mai-uwa-a-but, a bayan idonsa da gabansa. Duk wata za ka ga motar ta fito daga lungu, laka har gilashi, tabarma a shimfiɗe a baya. Kwanaki wani ɗan kasuwa daga Maradun da ke son sayen irinta ya tare shi a wurin Malami, inda take kwance ana jiran wani ƙarfe daga Gusau, ya ce don Allah ya gaya masa gaskiya, tana da kyau?

Labbo ya yi tunani, ya daɗe yana yi.

"Tana shan mai," ya ce. "Tana hushi. Amma Inna na shiga."