Ragon da Aka Ci Kafin Yaya Bello Ya Warke

Aikin farko yau: wanke ƙafa da ruwan gishiri, canza bandeji.

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Wannan ma na rubuta na goge, na sake rubutawa. Masu tambayar ina na shiga, madura ce ta kama ni, ciwon nan da ƙayar bagaruwa ke bari a ƙafa, ta kumbura tana fitar da baƙaƙen ƙwayoyi. Ita ta kwantar da yayana Bello. Dangi suka ƙarasa shi.

Duk wanda ya zauna Suki ya san rumfar kafintancinsa. Angarib ɗin da rabin unguwarmu ke kwana a kai shi ya sassaƙa, har na masallaci da ake ɗaukar gawa. Ba ya sa takalmi wurin aiki. Da la'asar yakan kakkaɓe garin katako daga gemu, ya ɗora autarsa a wuya su je sayen gurasa.

Da ƙafarsa ta kumbura, matarsa Sa'adatu ta ce a tafi asibitin Madani. Baffa Ummaru, ƙanen mahaifinmu, ya hana.

"Mi za shi yi mustashfa? Can yanke ƙafa suka sani. Ga basir nan kusa."

Basir ɗin, wato mai maganin gargajiya, ya zo da ƙarfensa, ya sa a wuta, ya yi masa lalas. Kumburin ya ɗan saɓe. Nan take Baffa ya sa aka yanka ragon karama, wai godiyar samun lafiya.

Na ga mutanen da ba su taɓa leƙo shi ba sun zo da 'ya'yansu da kwanon kwasar saura. Suna tsotsar ƙashi suna yi masa barka, shi kuwa ya rufe ƙafar da zane saboda ƙuda.

Daga ranar hanyar asibiti ta toshe. An ci rago, an shafa fatiha, gari ya shaida ya warke. Duk sanda Sa'adatu ta tada maganar Madani, sai Baffa ya ce, "So kike a ce mun yi wa Allah godiyar ƙarya?"

Yaya Bello mutum ne mai kunyar manya. Ya ci gaba da aiki a zaune, har wuraren ƙunar suka ruɓe, dafin ya shiga jini. A kan angarib ɗin da ya yi wa masallaci muka ɗauke shi. Wurin abincin zaman makoki, masu cin ragon nan su ne a gaba.

Bayan girbi na ji ƙullutu a tafin ƙafata. Ba zafi. Kullum da safe ina taɓa shi, ina ce wa kaina ƙila tsoro ne kawai. Ranar da na ga baƙar ƙwaya a cikin safa, na nuna wa Sa'adatu.

"Garba, ka hau mota tun Baffa bai ji ba," in ji ta. "Ni na yi takaba. Kada ka sa matarka ta yi."

A Madani an ɗauki hoton ƙafar, an yanki tsoka an gwada. Likitar ta daɗe tana duba ta.

"Wani ya taɓa ta da wuta?"

"Ba kowa."

"To, ina sa ran ba za mu raba ka da ita ba."

Watanni na yi ina shan magani kafin tiyata, ana ɗibar jini a duba hanta. Dawar da na noma bana a hawashata, wato gonata, duk can kuɗinta ya tafi. A ɗakinmu akwai wani dattijo daga Rufa'a da aka yanke wa ƙafa daga gwiwa, yakan manta ya kai hannu zai sosa ta. In na kalle shi abinci ba ya shiga.

Da na farfaɗo daga tiyata, bargo na fara ɗagawa. Tana nan.

Ran da na dawo gida Baffa ya zo, ya zauna, aka kawo masa shayi.

"Garba, yaushe karama? Mutane na tambaya."

"Waɗanne mutane, Baffa?"

"Dangi mana."

"Su jira likita ta sallame ni. In ta sallame ni, gidan Yaya Bello ragon zai tafi, marayunsa su ci."

Ya tashi bai ƙarasa shayin ba. Har yanzu ina tunanin ko na yi rashin kunya. Ban sani ba. Amma da ƙafata na raka shi bakin ƙofa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar, da matata, da Sa'adatu. Wanda ya ga ƙullutu a ƙafa ya nufi asibiti ko ba zafi. Ku sa takalmi a gona. Kada ku bari a yanka muku rago kafin likita ya ce kun warke, don masu ci ba su za su kwanta ba.

Na gobe:
- karɓo ragowar magani
- share rumfar Yaya Bello, sanye da takalmi
- saya wa autarsa takalmi, nata ya tsinke
- ƙafar angarib ɗin masallaci na girgiɗi, har yanzu ban sami mai gyara ba