Neman Famfon Hasken Rana daga Bebeji zuwa Doguwa

Talata: Bebeji da Yako

Ina idar da sallar asuba na saɓa jakata, ƙarfe shida saura kwata ina cikin bas. Zamanin mulkin soja ne, ina ƙaramin akawu a wani banki a Kano. Wata hukumar ƙasar waje ta ba bankinmu rance don ya ranta wa ƙungiyoyin manoma da makiyaya su kafa famfon ruwa mai aiki da hasken rana. Masu kuɗin suka nemi rahoto, sai manaja ya tura ni in gano famfuna uku.

Shinge biyu muka wuce, kowanne sai da direba ya miƙa hannu. Bakwai da rabi na sauka a Bebeji, na sha koko da ƙosai na naira biyar, ɗan acaɓa ya kai ni ƙauyen farko. Allon sanarwa kawai na tarar, da rami cike da ciyawa. Mata na ta wucewa da tuluna zuwa rafi.

Da la'asar na isa Yako. Malam Habu, malamin allo kuma shugaban ƙungiyar manoma, ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Na tambayi famfonsu.

"Samari, sau huɗu muka je bankinku," in ji shi. "Aka ce sai mun kawo takardar mallakar gona. Gonar da kakana ya sare dajinta, wa ya taɓa yi mata takarda?"

"Allah gafarta Malam, a fayil an rubuta kun karɓa."

"Wanda ya karɓa da sunanmu, ma haɗu da shi gaban Allah."



Laraba: Doguwa

Ƙarfe takwas na hau a-kori-kura a Kwanar Dangora, muka ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, sha ɗaya da kwata muna Doguwa. Daga nan tafiyar awa guda a ƙasa zuwa rugar Arɗo Buba, dattijon makiyayan wurin. Nan kam akwai rijiyar burtsatse, akwai tanki, amma ƙarfen da ake ɗora farantan hasken rana tsirara yake.

"Bijimai biyu muka sayar muka ba da kasonmu," in ji Arɗo. "Aka kafa farantai, ruwa ya zubo, aka ɗauki hoto. Kwana tara ɗan kwangila ya dawo ya kwance su, wai za a gyara. Rani biyu ke nan. Takardar biyan bashi ce dai ba ta ɓata hanya."

"Baba, ina shanun ke sha?"

"Kududdufi. Mu ma can."

Ya sa aka dama mini fura da nono. Kunya ta hana ni shanyewa.

Alhamis: Komawa

A Tudun Wada na ba direban motar da na shiga labari. Ya yi tsaki, ya rage gudu daidai wani gidan bene.

"Ɗaga kai, akawu. Gidan ɗan kwangilar ke nan. Shi ba a ɗauke masa wuta."

Farantai na sheƙi a kan rufi.

Ƙarfe uku na shiga ofis, ko gida ban biya ba. Kafin in buɗe baki manaja ya turo mini rahoto in sa hannu, an riga an buga da tafireta: famfuna uku, duk suna aiki.

"Ranka ya daɗe, ko ɗaya ba ya aiki."

"Sa hannu na ce, ba wa'azi ba."

Na ajiye biron. Wani akawun ya sa hannu, ni kuma aka mayar da ni ɗakin ajiye tsofaffin fayiloli, inda na shekara shida ba ƙarin girma.

Ran Alhamis ɗin nan na shiga gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Habu da Arɗo Buba, waɗanda suka san daga bankin na fito, amma ba su hana ni abinci ba.