Furen okid ɗin da na shuka a ƙasa

Jiya shugaban ƙungiyarmu ta masu rainon furen okid ya bugi tebur. "Me ya sa kowa yake guduwa, lah?" in ji shi, da "lah" ɗin da mutanen ƙasar nan suke rufe magana da ita.

Mu tara ne a zauren da a da sai an ƙaro kujeru. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kaɗai ce baƙuwa a ƙasar, 'yar Kano, matar ɗalibi da ke zaune a unguwar Wangsa Maju, amma na miƙe.

Na ce, "Uncle, ka tuna furena na farko? Na cika masa tukunya da ƙasa da taki, yadda muke shuka a Kano. Ka ɗaga shi sama, aka kwashe da dariya. Ba wanda ya gaya mini gawayi yake so, ƙasa ruɓar masa da saiwa take yi. Mu huɗu muka shigo tare, ukun tun ranar ba su dawo ba."

Ya haɗe rai. "Ke me ya zaunar da ke?"

"Jira nake wani ya koya mini."

Har aka tashi bai ƙara kallona ba.

Yau sakatariya ta aiko saƙo, wai shugaba yana nemana ranar Asabar, in taho da tukunyata. Kora ce ko darasi, Allah masani.

Jama'a, in ku ne za ku je?