Kati Ɗaya, Yara Biyu

Ranar an tashi da yayyafi, irin wanda ba ya hana mutum fita, kuma ba ya barin rigarsa ta bushe. Dogo mai gyaran keken ɗinki bai ɗaure akwatin aikinsa a bayan babur ba. Ɗansa ya ɗora a gaba, ya lulluɓe shi da leda, ya nufi asibiti da katin inshorar lafiya a aljihu. Jikin yaron ya yi zafi rau. Katin kuma ba na wannan yaron ba ne.

Dogo tun yana saurayi yake wannan sana'a, bai taɓa kama shago ba. Akwatin katako gare shi, da sukudireba, da 'yar gorar mai, da tsumman da ba wanda ya san launinsa na asali. Shagunan teloli yake bi. Ba ya taɓa keke sai an taka ya saurara, kansa a karkace. Kullum yana gaya wa teloli cewa kekuna biyu, ko kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya, kowanne da kukansa, kada a cire ƙarfen wannan a sa wa wancan. Sun ji wannan magana har sun haddace.

Haihuwa ta yi masa jinkiri. Sai da furfura ta fara leƙowa Allah ya ba shi maza biyu lokaci guda, kamar an tsaga kara. Da suka fara tafiya, baki ne kaɗai ya raba su. Ɗaya ba ya rufe nasa, aka sa masa Rediyo. Ɗayan sai kallo, aka sa masa Shiru.

Yara ƙanana ba sa rabuwa da mura da zazzaɓi, kuma a gidan Dogo komai biyu-biyu yake zuwa. Shi ya sa ya shiga neman inshora. Wani ofishin suka ce ta ma'aikata masu albashi ce. Wani suka faɗi farashin, ya yi godiya ya fito da baya. Wani kuma asibitinsu na can ƙarshen gari, kafin ka kai yaro ciwon ya gaji ya tafi. Da ƙyar ya sami wadda ta yi masa, amma ƙarfinsa na yaro ɗaya ne.

Amininsa, wani tsohon tela da ake kira Mai Gilashi, shi ya kawo dabara.

"Kai dai tsawo kawai Allah ya ba ka," in ji shi. "Yi wa ɗaya. Hoton wannan ba shi ne hoton wancan ba? Ni da na je barka, har yau ban san wanda na ɗauka ba."

Uwar 'yan biyu ba ta so ba. Ta ce, "Baban yara, ba kai ke cewa kowane keke da kukansa ba?"

"Wannan ai maganar keke ce."

"To, Allah ya kyauta."

Aka yi wa Rediyo kati. Mako biyu kafin ranar yayyafin ya yi zazzaɓi, aka kai shi, aka ba shi magani, ya warke ya koma surutunsa. Yanzu ga Shiru ya ɗauka.

Malamar asibitin mace ce mai jiki, mai fara'a. Ta karɓi katin, ta ɗauko takardar yaron, ta kira sunan da ke jiki. Yaro ya zuba mata ido.

"Ikon Allah. Wancan karon sai da ya ba ni labarin kyanwarsu tun daga haihuwarta, yau ko uffan. Lalle ciwon nan ya ci ƙarfinsa." Ta ɗora shi a sikeli, ta duba takarda, fara'arta ta ragu. "Ya kuma rame. Baba, maganin da muka ba shi bai yi aiki ba ke nan. Zan gaya wa likita a kwantar da shi, a koma allura mai ƙarfi."

Dogo ya ji rigarsa ta ƙara sanyi. In ya yi shiru, za a yi wa ɗansa allurar da ba ta kamace shi ba, saboda ciwon wani. In ya yi magana, ƙila a soke katin, a rasa duka. Ya dubi ɗan hannun yaron da ke riƙe da babban yatsansa.

"Malama," ya ce, "haka yake ko lafiyarsa ƙalau. Wannan ba shi ba ne. Mai labarin kyanwar yana gida."

Ta ajiye biro. Ta dube shi, ta dubi yaron, sai dariya ta ƙwace mata, har ta dafe tebur. Da ta tsagaita kuma ta yi masa faɗa sosai, a gaban jama'a, ya sunkuyar da kai kamar ɗan makaranta. Aka buɗe wa Shiru tasa takardar, Dogo ya biya na ranar daga aljihunsa, aka ba su maganin da ya dace.

Har ya kai ƙofa ta kira shi. "Wace sana'a kake yi?"

Ya faɗa mata.

"To ai ka sha wahalar banza. Akwai tsarin ƙungiya. In masu sana'a ɗaya suka haɗu da yawa suka sa 'ya'yansu, kuɗin kowane yaro yakan faɗo ƙasa sosai. Ka san teloli?"

Dogo ya yi murmushinsa na farko a ranar. Akwai telan da bai sani ba?

Sai dai tela ba ya zama sauraron magana. Ka fara, ya taka keke, ƙara ta haɗiye ka. Dogo ya yi mako yana fama, ba wanda ya ji shi har ƙarshe. Daga nan ya sake salo. In an kira shi gyara, sai ya kwance keken tas, ya baje ƙananan ƙarafan a kan tsumma, ya goge hannu, ya gyara zama.

"Maigida, yaranka nawa ne yanzu?"

Tela ba keke, ba wurin gudu. Haka ya bi su shago-shago, har da matan da ke ɗinki a cikin gidaje, waɗanda su ba sai an kwance musu komai ba, tun bai rufe baki ba suke cewa a sa su. Mai Gilashi ne ya fi taurin kai, wai jikokinsa ƙarfe ne.

"Haɗa mini kekena, ɗan nema, mai riga na zuwa."

"Ƙarfe ma ai ni nake gyara shi. Jikoki nawa muka ce?"

"Huɗu. Allah ya isa tsakanina da malamar nan da ta turo ka."

Ranar da aka raba katuna, harabar asibitin ta cika da teloli da 'ya'yansu, kowane yaro cikin sabon ɗinki, don ba mai yarda a ga ɗan tela da tsohuwar riga. Malamar ta tsugunna gaban tagwayen ta ce, "To, wane ne wane?" Rediyo ya nuna ɗan'uwansa ya ce, "Wannan shi ne wanda ba ni ba." Uwar 'yan biyu ta karɓi katunan, ta ɗinka wa kowanne 'yar jaka, ɗaya ja ɗaya shuɗiya.

Dogo yana nan yana yawonsa a babur, gwiwa ta fara ciwo amma kunne garau. Shi ne mai tunatar da 'yan ƙungiya idan lokacin sabunta kati ya yi, kuma har yau sai ya kwance keke yake tunatarwa. Tagwayen sun shiga makaranta. Shiru ya fara magana, Rediyo bai rage ba.